Guruf Ɗin da Mataimaki Ba Ya Shiga

A wurin aikinmu ni ce nake riƙe da makullin manhajar hira. Ni nake shigar da mutum, ni nake fitar da shi, ni nake cewa wannan guruf na su wane ne, wancan kuma ba ruwansu da shi. Ba don na fi kowa sanin waya aka ɗora mini wannan aiki ba. An ba ni ne saboda kowa ya san ba na jin nauyin cewa a'a, kuma idan na faɗa ba na bin ta da murmushi don in rage mata ɗaci.

Ƙungiya ce ta manoman gyaɗa. Ofishinmu ɗaki biyu ne da sito a gefen hanyar Minjibir, gonaki sun kewaye mu ta ko'ina, har akuyar maƙwabta takan leƙo ta taga ta ga ko mun bar wani abu a kan tebur. Bayan kaka mukan sayi gyaɗa a hannun maza, mu ɓare, mu raba wa matan aure a gidajensu. Su soya, su aika niƙa, su matse mai, su murza ƙuli-ƙuli, mu kuma mu kwashe mu kai Ɗambatta ko cikin birni. Yawancin matan nan ba sa fita, shi ya sa muke da ma'aikata mata masu zagaya gidaje: su kai gyaɗa, su duba aiki, su karɓo mai. Babbarsu wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu da daɗewa. Gwaggo kowa yake ce mata, har shugabanmu da ya girme ta.

Akwai wani ƙauye a arewacinmu da matansa suka fi kowa iya mai. Idan ka ɗaga kwalbar mansu a rana sai ka ga fuskar wanda ke tsaye a bayanta. Amma shiga gidajen ƙauyen nan bai zo mana da sauƙi ba. Mazansu ba sa son baƙuwar ido a tsakar gida, balle mai riƙe da waya. Gwaggo ce ta yi ta zarya, ta zauna da mai unguwa, ta zauna da liman, ta sha ruwan randa a zaure bayan zaure, har suka yarda. Sharaɗinsu ɗaya ne, kuma da bakinta ta amsa shi a gaban dattawa: abin da ta gani a cikin gida, da abin da ta ji, ba zai kai kunnen namiji ba. A kan wannan magana aka buɗe mata ƙofofi, kuma a kanta aikinmu na ƙauyen yake tsaye.

A manhajar muna da babban guruf da kowa ke ciki, daga shugaba har direban a-kori-kura. Akwai na sito, akwai na masu sayen gyaɗa. Sai kuma na mata masu zagaye, wanda ni da su ne kawai a ciki. A nan suke gaya wa juna abin da wadda za ta shiga gida ya kamata ta sani kafin ta yi sallama. Wance ba ta da lafiya, kada a matsa mata. Wance ta yi yaji, kada a tambayi uwar mijin ina take. Wance an yi mata rasuwa, a fara da gaisuwa kafin a ambaci jarka. Gwaggo ba ta rubutu, saƙon murya take yi, wani lokaci kana jin ƙarar taɓarya a bayanta. Sukan turo hoton kaskon suya don a ga ko gyaɗar ta ƙone, kuma a gefen hoton ba a rasa ƙafar wata ko kanta ba ɗankwali. Ba gulma ba ce, da shi ake aikin.

Sai wata rana manhajar ta sabunta kanta, ta zo da abin da masu ita suka kira mataimaki, irin wannan na ƙirƙirarriyar basira da ake ta labari a rediyo. Ka rubuta masa tambaya ya amsa, ka ba shi doguwar magana ya taƙaita, ka ba shi takardar Turanci ya mayar da ita Hausa. A wurin saiti an ba mai makulli zaɓi: wane guruf zai shiga, wa zai iya kiransa, zai karanta tsofaffin saƙonni ko sai abin da aka aika masa, kuma ina zai riƙa kai taƙaitawarsa.

Ni ba na cikin masu tsoronsa. Na fara sa shi a guruf ɗin sito, na zuba ido. Ya yi aiki. Mai kula da sito ya tambaye shi me ya sa buhunan da ke jikin bango suke yin funfuna, ya ce a ɗaga su daga ƙasa, a ja su daga bango, a bar iska ta ratsa. Maganar da na shekara ina yi ke nan ba a ji ba, amma da yake daga waya ta fito, kafin la'asar an nemo katakai. Na sa shi a guruf ɗin masu saye, suka yi ta yi masa tambaya a kan ƙwarin darɓa da lokacin cirar gyaɗa. Wani ya tambaye shi ko za a yi ruwa ranar bikin ƙanwarsa, ya ce ba shi da hanyar sanin haka. Na ce a raina, to, ka fi wasu maza da na sani, tunda ka iya cewa ban sani ba.

Wanda abin ya fi kamawa shi ne shugabanmu. Alhaji mutumin kirki ne, mai hannun kyauta, amma ba ya karanta saƙon da ya wuce layi biyu, kuma saƙon murya yakan sa shi gyangyaɗi. Da ya gane mataimakin zai iya tattara surutun mako guda ya mayar da shi 'yan layuka, sai ya ce duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci a riƙa sakin rahoto a babban guruf, kowa ya san inda aka kwana. Na saita masa. Ya riƙa nuna wa baƙi wayarsa kamar wanda ya yi sabon doki.

Wata safiya ya shigo ofishina, ya zauna a kan bencin baƙi, ya ce, "Malama, rahoton nan yana da giɓi. Ina ganin sito, ina ganin masu saye, amma ba na ganin aikin mata. Ki sa shi a nasu guruf ɗin."

Na ce, "Alhaji, can ba zai shiga ba."

"Saboda me?"

"Saboda maganar cikin gidajen mutane ce a wurin."

Ya yi dariya. "Inji ne fa, Malama. Ba namiji ba ne balle ki ce zai leƙa matan mutane."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban damu da ko namiji ne ko mace ba. Abin da ya ji a can, ina zai kai shi? Gare ka zai kawo, da direba, da mai sito. Ku kuwa ban da shakka maza ne."

Ya ce ai alƙaluman mai kawai yake so. Na ce alƙaluman mai zan riƙa rubuta masa da hannuna duk mako. Ya tashi yana cewa taurin kaina ya yi yawa, na ce na gode. Mun saba haka da shi, ban ɗauka maganar za ta wuce nan ba.

Abin da ya ƙara dagula lissafin daga cikin matan ya fito. Akwai wata matashiya a cikin masu zagaye, ta yi karatu a birni, hannunta yana da sauri a waya, kuma aikinta ba ya da makusa. Ta same ni ta ce, "Anti, gaskiya ba a kyauta mana ba. Maza suna da mai amsa musu tambaya, mu kuwa sai mu jira ki dawo daga kasuwa. Jiya man wata mata ya ƙi tashi, na rasa wanda zan tambaya. Kullum sabon abu idan ya zo mu ne na ƙarshe."

Ta yi gaskiya, kuma na gaya mata haka. Na ce ta ba ni lokaci in samo yadda za a yi. Ba ta jira ba. Ta kai kukanta wurin Alhaji, shi kuwa babu abin da ya tsana kamar a ce a ƙarƙashinsa an ware mata. Ya sha faɗa a taro cewa a ƙungiyarsa abin da namiji ya samu mace ma za ta samu, kuma har zuciyarsa yake nufi.

Manhajar da sunan Alhaji aka yi rajistarta, saboda haka akwai babban makulli a wayarsa wanda ya fi nawa. Na san da shi. Amma mutumin da sai an nemo masa lambar ɗansa a cikin wayarsa, wa zai yi zaton zai shiga saiti? Ashe ba sai ya shiga ba. Manhajar da kanta takan jefo tambaya lokaci-lokaci: kana so mataimaki ya shiga dukkan guruf-guruf? Ga maɓallin i, ga na a'a. Wata Juma'a da safe, ina birni wurin wani mai sayen mai, tambayar ta fito masa. Ya tuna da ƙorafin matashiyar nan, ya danna i, ya gyara babbar riga ya tafi masallaci da zuciya fara.

Akwai wata matar aure a ƙauyen nan, tana cikin waɗanda suka fi iya mai. Ta yi ɓari ba sau ɗaya ba, kuma kowane karo sai da gari ya gama yi mata murna sannan aka dawo yi mata jaje. Da ta sake samun ciki, ita da mijinta suka yi shawara su yi shiru har sai ya yi ƙwari. Ko uwar mijin ba a gaya wa ba. Amma ƙamshin suyar gyaɗa ya fara tayar mata da zuciya, matsar mai kuma aiki ne na ƙugu da baya. Dole ta ja Gwaggo gefe ta gaya mata, ta roƙi a ɗaga mata ƙafa na 'yan watanni. Gwaggo ta yi saƙon murya a guruf ɗin mata: kada wadda ta kai gyaɗa gidan, kada kuma wadda ta tambayi dalili a gaban kowa, ga abin da ake ciki, a taya ta da addu'a. Mun ji, mun ja bakinmu.

Mataimakin yana shiga ya karanta duk abin da ke wurin, har saƙonnin murya. Bayan sallar Juma'a rahoto ya fita a babban guruf kamar yadda aka saba. Ya yi maganar sito, ya yi maganar saye. Sannan ya zo kan ƙauyen nan, ya ce man da ake karɓowa ya ragu saboda an dakatar da kai gyaɗa gidan wane, ya kira sunan maigidan, domin matarsa tana da juna biyu kuma ta taɓa yin ɓari a baya. Ya rubuta shi da Hausa mai tsabta, babu kuskure ko ɗaya.

Ina cikin bas a hanyar dawowa na kunna data na gani. Na goge rahoton nan take, na fitar da mataimakin daga guruf ɗin mata, ina ta salati har matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini. Na duba waɗanda suka riga suka buɗe saƙon. Ba su da yawa. Amma a cikinsu akwai direbanmu, kuma direbanmu wan maigidan ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Bai yi da mugunta ba. Murna ce ta kama shi. Da yamma ya samu ƙanensa a majalisa, cikin mutane, ya miƙa masa hannu ya ce ashe ana shirin samun ƙaruwa shi ne ba a gaya wa manya ba, Allah ya raba lafiya. Ƙanen ya tambaye shi wa ya gaya masa. Ya ce a wayar ofis ya gani. Kafin a kira magariba duk mazan ƙauyen sun fahimci abu guda: abin da matansu ke gaya wa Gwaggo a ɗaka yana shiga waya, ya tafi ofis, maza su karanta.

Da Gwaggo ta je zagayenta na gaba, ta yi sallama a gidan farko, aka amsa daga ciki, aka ce ta yi haƙuri, maigida ya ce a dakata. Gida na biyu ma haka. A wani gidan an turo mata jarkar mai har ƙofar zaure, an haɗa da ragowar gyaɗar da ba a soya ba. Ba wanda ya zage ta, kuma da an zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta dawo ofis da rana tsaka, ta zauna a ƙasa a bakin sito, ta ƙi kujera. Ta ce, "'Yar nan, ni ce na yi musu alkawari. Ba ofis ba, ba waya ba. Bakina suka sani." Ba ta yi kuka ba. Ni ce na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗan lokaci.

Da na fito, wurin Alhaji na nufa. Ya riga ya sha jinin jikinsa. Ya fara cewa ai shi taimakon mata ya yi niyya, na ce na sani, kuma niyyar ba za ta buɗe ƙofa ko ɗaya ba. Ya ce to wannan abu a cire shi gaba ɗaya, tunda munafiki ne, a koma yadda ake da. A nan na ƙi masa kuma.

Na ce, "Alhaji, ba shi da laifi. An buɗe masa ɗaki ya shiga, an ce ya kawo labari ya kawo. Da ka aiki mutum haka, shi ma abin da zai yi ke nan. A sito yana mana amfani, a wurin masu saye yana mana amfani. Ba zan kore shi don ka huce ba."

Don ya gani da idonsa, na buɗe guruf ɗin sito a gabansa na rubuta wa mataimakin tambaya: me kake iya gani a manhajar nan? Ya amsa ba kwana-kwana. Ya ce yana ganin saƙonnin duk guruf ɗin da aka shigar da shi, har na baya idan an ba shi izini, kuma ba shi yake zaɓar inda zai shiga ba, masu riƙe da saiti ne. Ya ƙara da cewa idan a wani guruf ana maganar lafiyar mutane ko sirrin iyali, gara kada a shigar da shi, ko a hana shi kai abin da ke ciki wani wuri. Alhaji ya karanta, a karon farko ya karanta saƙo har ƙarshe. Ya ajiye wayar ya ce, "To me kike so a yi?"

Na daɗe da sanin abin da nake so. Guruf ɗin mata, mataimaki ba zai sake shiga ba, ko wa ya nema. Za a buɗe wa masu zagaye wani guruf daban na tambayar aiki, a sa shi a ciki: man da ya ƙi tashi, gyaɗar da ta yi ɗaci, ƙuli-ƙulin da ke farfashewa. A can ba a kiran sunan gida, ba a tura hoton tsakar gida, kuma ba ya kai komai babban guruf. Rahoton Juma'a ba zai sake fita da kansa ba, sai ya biyo ta hannuna na karanta. Babban makullin kuma zai bar wayar Alhaji. Na ce masa ba raini ba ne, amma wanda bai san abin da ke cikin ɗaki ba bai kamata ya riƙe makullinsa ba. Ya miƙo wayar. Na ƙara wani sharaɗi a kaina: ko ni ba zan taɓa saitin guruf ɗin mata ba sai Gwaggo tana zaune ta ce ta yarda.

Matashiyar nan ta zo tana sunkuyar da kai, tana cewa ita ta jawo. Na ce ta ɗaga kanta. Abin da ta nema haƙƙinta ne, kuma ga shi ta samu. Ita ce ma ta fi kowa amfani da sabon guruf ɗin, har ta koya wa sauran yadda ake yin tambaya ba tare da an faɗi gidan wa ba.

Saura ƙauye. Wannan ba a gyara shi da danna maɓalli. Na ce wa Alhaji shi zai je, da ƙafarsa, ba saƙo ba. Muka tafi mu uku, shi da ni da Gwaggo, da ƙullin goro. A zauren mai unguwa aka shimfiɗa tabarmi, maza suka taru, ni da Gwaggo muka zauna daga gefe. Alhaji ya yi abin da ban zaci zai iya ba. Bai laɓe a bayan inji ba. Ya ce Gwaggo ba ta karya alkawari ba, a wurin mata ta yi maganarta, shi ne ya buɗe ƙofar da bai kamata ba, da yatsansa, kuma ya zo a yafe masa.

Wani dattijo ya ce, "Mun ji. Amma abin nan da ya kwashi magana, yana nan ko ya tafi?"

Alhaji ya waiwayo ni. Na ce, "Baba, yana nan, ba zan yi muku ƙarya ba. Yana aiki a sito da wurin saye. Amma inda ake maganar gidajenku ba ya shiga, kuma makullin yana hannuna da hannun Gwaggo."

"Idan gobe wani ya sake buɗe masa fa?"

Na ce, "Sai ya bi ta kaina. Ku tambayi Alhaji ko hakan yana da sauƙi."

Aka yi 'yar dariya, ba da yawa ba. Suka yi magana a tsakaninsu, suka kawo nasu sharaɗin: Gwaggo ta ci gaba da shiga, amma waya ba za ta ƙara wuce zaure ba. Ba hoto, ba ɗaukar murya a cikin gida. Alhaji ya buɗe baki zai yi maganar duba aiki, na riga shi na ce mun yarda. Gidajensu ne, su ke da ikon cewa me zai shiga.

Maigidan da abin ya shafa yana wurin har aka shafa fatiha. Da mutane suka fara watsewa, Gwaggo ta matsa kusa da shi ta ce, "Malam, ina neman izini in gaishe ta." Ya ce, "Ni na haƙura, Gwaggo. Amma ba ni aka yi wa ba. Tun ranar ba ta fita ko ƙofar ɗaki idan mata sun shigo, kowa sai ya kalli cikinta kafin ya kalli fuskarta. Idan ta amsa miki, ki shiga. Idan ba ta amsa ba, kada ki sake sallama."

Muka bi shi har ƙofar gidan. Gwaggo ta ciro wayarta daga cikin jaka ta danƙa mini. Na zauna a dakalin zaure da wayoyi biyu a cinya, ta wuce ciki. Na ji sallamarta. Shiru. Na san idan wannan gida bai buɗe ba, sauran ma rabin buɗewa za su yi, kuma Gwaggo ba za ta ƙara ɗaga kai a ƙauyen nan ba. Can sai na ji an amsa, murya ƙasa-ƙasa, daga cikin ɗaki.

Ta daɗe a ciki. Inuwar katanga ta tashi daga ƙafata ta koma tsakiyar hanya, Alhaji ya gaji da jira a mota ya tafi sallar la'asar ya dawo. Sannan ta fito, idanunta sun yi ja, tana gyara mayafi. Na miƙe na ba ta wayarta. Muka kama hanyar mota ta gefen wata gonar dawa, ina ta satar kallonta. Na kasa daurewa.

Na ce, "Gwaggo, yaya? Ta haƙura?"

"Ta ba ni ruwa na sha. Mun yi magana."

"Jikin nata fa? Lafiya dai ko? Me ta ce?"

Ta tsaya, ta dube ni. Ni da nake shigar da kowa in fitar da kowa, ni da na tsaya mata a gaban Alhaji da gaban dattawa. Ta sa wayar a jaka ta ja zif.

Ta ce, "'Yar nan, ni ta gaya wa."

Maganar ta ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Amma kafin mu kai mota hankalina ya kwanta, domin matar da ba ta yafe ba ba za ta sake ba Gwaggo abin ɓoyewa ba. Na buɗe mata ƙofa ta shiga, ban ƙara tambaya ba.